Abin da Na Cire Daga Jaka

Zan fara da abin da ya fi yi mini nauyi, in sauke shi tukuna. Sau biyu a rayuwata na sa hannu cikin kayan matata na cire abin da zai kare ta daga sanyi, don in sami wurin saka nawa. Na farko shekara talatin da wani abu ke nan. Na biyu bana ne, lokacin zafi, a gindin wani dutse kusa da iyakar Italiya, kuma saura ƙiris in dawo Paris ni kaɗai. Da Allah zai ba ni damar komawa baya, waɗannan biyun zan fara gyarawa.

Tun da muka dawo abokai ba su bar ni na huta ba. Kowace Juma'a in an sallame, sai a tare ni a bakin shagon Alhaji Sule a Aubervilliers: "Alhaji Laminu, wai da gaske ne tafki a bisa dutse? Wa ya kai ruwan can?" Nakan ba su labarin cuku da shanu masu ƙararrawa, su yi dariya, in haɗiye sauran. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ga gara in rubuta shi duka sau ɗaya, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ni mutumin Damagaram ne. Sana'ata sayen kaya wajen 'yan sari in aika gida, kuma abin da aka san ni da shi shi ne ɗaurin kaya. In na ɗaga akwati da hannu ɗaya zan faɗa maka kilonsa, a ɗora a ma'auni a ga haka ne. Duk wanda zai tafi gida daga unguwarmu, ni yake kira in shirya masa akwati. Wannan yabon shi ya shiga kaina.

Ranar da na ɗauko Hajiya Zuwaira daga gida zuwa Faransa, tana amarya, mahaifiyarta ta ba ta gwado, saƙar hannu, mai kauri. Ta ce an gaya mata ƙasar sanyi ce. A Yamai, a gidan da muka sauka kafin jirgi, na auna akwatinta na ga gwadon nan ya cinye kilo uku. Na cire shi na zuba takalman fata na sayarwa. Na ce wani zai taho da shi daga baya. Ba wanda ya taho da shi, ya ɓace a gidan mutane. Tsohuwar ta rasu kafin Hajiya ta sake taka gida. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

'Yarmu ta fari ita ta jawo wannan tafiya. Da yake 'yar fari ce ba ma kiran sunanta, Injiniya muke ce mata tun da ta shiga makarantar injiniyoyi a Villeurbanne. Yanzu tana aiki a Lyon, kuma ta ɗauki ɗabi'ar mutanen can ta hawan duwatsu ranar hutu. Wata rana ta zo gida tana nuna wa uwarta hotuna a salula. Hajiya ta tsaya a kan hoto ɗaya, wani ruwa shuɗi tsakanin duwatsu.

"Wannan a sama yake?"

"A sama, Mama. Sama da gajimare ma wani lokaci."

"To ni dai ina son in gan shi da idona."

Na ɗago kai na dube ta. A tsawon zamanmu ban tuna ranar da ta ce tana son zuwa wani wuri ba.

Sai dai Hajiya tana da asma. Sanyi da iska su ne abokan gabarta, kuma tana da ɗan abin shaƙa da muke kira famfo, wanda in ƙirjinta ya toshe take fesawa a baki. Injiniya ta kai ta wurin likita. Likita ya ce za ta iya zuwa, da sharaɗi uku: a hau a hankali, ƙirji a rufe, famfo a kusa.

Daga ranar barci ya rage mini. Na yi ta tambayar mutane. Alhaji Sule ya ce ya ji iskar can ba ta ƙosar da mutum, ka shaƙa ka shaƙa kamar kana shan kunun da aka tsinka da ruwa. Wani ya ce kunne yana toshewa. Wani ya ce can sama ko salula ba ta aiki. Ni kuwa halina, in tsoro ya kama ni, kaya nake ƙarawa.

Injiniya ta aiko da jerin abin da za mu zo da shi: takalmi mai ƙarfi, safa mai kauri, tabarau, gorar ruwa, magunguna. Ta kuma aiko wa uwarta jan manto mai kumburi, irin rigar sanyin nan da in an sa ta mutum ya koma kamar buhun auduga. A ƙarshen saƙon ta ce, "Baba, don Allah kada ka ƙara komai." Na yi dariya na ce wa Hajiya abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na shirya akwati biyu da jaka. Mutum ba ya zuwa garin mutane hannu rabbana, kuma Lyon cike take da 'yan'uwa. Na sa kilishin da aka kawo mini daga Yamai, da dabino, da yaji, da kuka, da daddawa, da cukun gida busasshe, da turare. Na sa buta da dadduma da termos, gorar riƙe zafin shayi. Na sa babbar rigata fara mai aiki, don na ƙudurta sai an ɗauke ni hoto da ita a bakin tafkin, in kawo wa su Alhaji Sule su gani. Hajiya tana zaune bakin gado tana kallona, kamar yadda ta saba.

Muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na bakwai, muka canja a tashar Châtelet, inda akwati ɗaya ya ƙwace mini a kan matakala mai tafiya ya gangara har ƙasa. Allah ya sa ba kowa a gabansa. A jirgin ƙasa kuwa daddawa ta tona mana asiri. Ashe kwalbar ta tsage da faɗuwar. Wata mata da ke gefenmu ta yi ta shinshina iska tana duban ƙasan takalminta, sannan ta dubi ɗan karenta da ke cikin kwando, ta yi masa faɗa. Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ni na kafe ido a taga har Lyon.

Injiniya ta tarbe mu a tashar Part-Dieu. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta miƙe ta dubi kayan.

"Baba, hijira za mu yi?"

"Tsaraba ce."

"Kwana biyu fa za mu yi a dutse."

"Ke dai buɗe bayan mota."

A Vénissieux, can gefen Lyon, muka sauka, gidan tsohon abokina Alhaji Habu, mutumin Tawa, wanda ya yi shekaru yana aikin masana'anta har ya huta. Yana zaune hawa na goma sha ɗaya a dogayen benayen Minguettes, kuma ranar asansar, na'urar hawa bene, ta lalace. Da ƙafa na hau da akwatunan, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Habu yana tsaye a ƙofa yana jirana.

"Sannu, Sarkin Ɗauri! Kullum kai kake auna kayan mutane, yau kayanka sun auna ka. Kilo nawa suka ce?"

Na jingina da bango ina neman numfashi.

Bayan mun ci tuwon da uwargidansa ta yi mana da kukar da na kawo, Alhaji Habu ya ce shi ma ya taɓa zuwa duwatsun da abokan aikinsa. "Ka ga dutsen nan, Laminu, jariri ne. Yanzu yana dariya, kafin ka juya yana kuka. Kada rana ta yaudare ka."

Injiniya ta shimfiɗa jakunkunan goyo biyu a tsakar falo. Ta ce dokar hawan dutse ita ce abin da bayanka zai ɗauka, shi ke nan. Ita za ta ɗauki ruwa da abinci, ni in ɗauki kayan sanyi, uwarta sanda kawai. Ta naɗe jan manton ta sa shi a saman jakata, ta faɗi wata magana game da aljihu. Ni lokacin ina gardama da Alhaji Habu kan wane gari ya fi iya kilishi. Na ce mata "To, to," ban ji ba. Daga baya na san abin da ta ce: famfon Mama yana cikin aljihun manto, don duk inda sanyi ya sa aka ciro ɗaya, ɗayan yana tare da shi.

Da safe, kafin Injiniya ta sauko, na sa wata ƙaramar jaka a bayan mota, na rufe ta da bargo. Buta, dadduma, termos, kilishi, dabino, cuku, babbar riga.

Hanyar ta fara lafiya lau, shimfiɗaɗɗiya. Sai muka fara shiga ramuka cikin cikin dutse, mu fito mu sake shiga. Sai ta koma lanƙwasa kamar macijin da aka taka, dutse a dama, rami a hagu, ba abin da ya raba mu da shi sai ɗan ƙarfe. Kunnena ya toshe kamar yadda aka faɗa. Na riƙe carbi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙofa. Kowane minti sai in juya baya.

"Hajiya, ƙirjin fa?"

"Lafiya lau, Alhaji. Kai dai naka ka duba."

Injiniya ta ce tunda da sauran rana bari ta kai mu mu ga iyaka. Na ciro fasfo uku da takardun zama, na jera su a cinya, na gyara hula. Wanda ya saba ƙetare iyaka ta Magarya ya san ba wasa ake zuwa yi ba. Ta tsayar da mota a wani fili mai ciyawa. Ba 'yan duwan masu binciken kaya, ba jandarma, ba igiya a kan hanya. Wani dutse ne kawai da bai kai gwiwata ba, da allo, da shanu suna kiwo da ƙararrawa a wuya. Wata saniya ta bar Faransa ta shiga Italiya a gabana ba wanda ya ce mata uffan. Hajiya ta sa ƙafa ɗaya can ɗaya nan, ta ce a rubuta ta je ƙasa biyu rana ɗaya.

Masaukinmu gidan katako ne a wani ƙauye, na wata tsohuwa, Madam Odil. Abin da ya fara ba ni mamaki, a bakin ƙofa kowa ke cire takalmi kamar masallaci, a ba shi silifas na gida. Na biyu, baƙi duka tebur ɗaya suke ci, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Na ce ashe Turawan ma in sun hau sama suna komawa mutane irinmu. Abincin dankali ne aka narka masa cuku a kai. Kafin in buɗe baki kan naman alade, Madam ta ce Injiniya ta riga ta gaya mata, namu daban ta dafa, a tukunya daban. Na ji daɗi, na ɗauko cukun gida na ba ta tsaraba. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa shi a tebur, ta tambaya ko da shi muke rufin ɗaki. Da ta jiƙa shi a shayi kamar yadda Hajiya ta nuna mata, sai ta nemi ƙari. Su biyun suka zauna suna hira, wannan da Faransancinta na kasuwa, waccan da hannu.

Gari ya waye da rana fes, ko ɗigon gajimare babu. Injiniya ta sauka ta duba mota. Na ɗauko ƙaramar jakar da na ɓoye, na buɗe jakar goyo. Manton ya cinye rabinta. Na gwada ta nan, na gwada ta can, buta ta shiga, dadduma ta shiga, termos da kilishi suka shiga, babbar riga ta ƙi. Na leƙa taga na ga rana. Na zare manton na ajiye shi a kan gado.

Hajiya tana bayana. Ta sa wandon da 'yarta ta saya mata, amma ta ɗaura zane a kai, don ta ce ba za ta hau dutsen Allah kamar ɗan dako ba.

"Alhaji, manton nan..."

"Hajiya, kin ga ranar nan kuwa? Gumi za ki yi. Shekara nawa ina ɗaurin kaya?"

Ta dube ni, ta dubi manton. Ta ce, "To." Ta juya mini baya tana taɓa haɓar zanenta. Na ɗauka gyara ɗauri take yi.

Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, sauran da ƙafa. Injiniya ta ce matasa minti arba'in suke yi, mu kuwa ba mai korarmu. Duk wanda muka gamu da shi sai ya gaishe mu, tsofaffi da sanduna bibbiyu, mata da jarirai a goye kamar a gida. Shekara talatin ina zaune bene ɗaya da wasu a Paris ba su taɓa ce mini sannu ba, a nan kuwa har na gaji da amsawa. Wata dabba mai kama da gafiya, amma ta fi ta ƙiba, ta tsaya a kan dutse ta yi mana fito. Hajiya tana tafiya taki goma ta tsaya. Iskar kuwa gaskiyar Alhaji Sule ce, ba ta ƙosarwa. Duk tsayawar da ta yi sai in kasa kunne ga numfashinta, amma ko sau ɗaya tunanin manton bai zo mini ba.

Muka kai wajen azahar. Ba zan iya kwatanta ruwan ba. Shuɗi ne, shiru, ana ganin duwatsun ƙasansa, ga ƙanƙara fara a kan tsaunukan da ke kewaye alhali muna tsakiyar zafi. Hajiya ta zauna a kan wani dutse tana kallon ruwan. Can ta ce, "Allah mai iko. Da Inna ta ga wannan."

Na ɗebi ruwa a buta na yi alwala, yatsuna suka mutu don sanyi. Na yi salla. Na ciro babbar riga na zura, na ce Injiniya ta ɗauke ni yadda ruwan duka zai fito. Ta ce sai ta zagaya can gefe ta hau wani tudu. Ta tafi, har ta koma ƙarama a idona.

Ina tsaye ina gyara hannun riga sai rana ta ɓace. Ban ga inda gajimaren ya fito ba. Iska ta taso daga kan ruwan kamar an buɗe firiji, da ɗan yayyafi mai tsini. Na ji tari a bayana. Na biyu. Sannan wannan siririn fiton da na sani a ƙirjinta.

"Hajiya?"

Ta ɗaga hannu tana nuna ƙirji. Bakinta a buɗe, kafaɗunta suna hawa suna sauka, magana ta ƙi fita.

Na kifar da jaka a ƙasa. Kilishi ya zube, dabino ya watse cikin duwatsu, termos ya gangara. Ina tonawa ina neman famfo, a zatona yana cikin wani ƙaramin aljihun jakar. Babu. Na miƙe na ƙwala kira, kuma sunanta na kira, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar suna.

"Hadiza! Hadiza!"

Duwatsu suka maido mini da shi. Ta taho a guje tana tsallake duwatsu, tun daga nesa tana ihu: "Manto, Baba! Yana aljihun manto! A saman jaka!"

Ta iso ta ga kayan a ƙasa. Ta dube ni cikin farar riga.

"Ina manton?"

"Yana kan gado."

Ban taɓa ganin fuska irin wadda ta yi mini ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake gani. Ta cire rigar sanyinta ta rufa wa uwarta, ta ciro salula, babu rezo, kira ba ya shiga. Ta ce in riƙe Hajiya a zaune kada ta kwanta, ta ruga ta hau tudu tana ɗaga salula sama.

Na tuɓe babbar rigar na naɗe Hajiya da ita. Leɓɓanta sun fara canja launi. Hannuwanta suna ta fizgar zanenta wajen ƙugu. Na ɗauka zafin ciwo ne, ko tana jin kunyar zanen zai kwance. Na kama hannuwan na riƙe.

"Bari, Hajiya, bari. Yi salati a zuci."

Ta fizge hannu ɗaya ta doke nawa. Tun da muke ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba. Dukan ya sa na duba inda take ja. Ƙulli ne a haɓar zane, irin wanda tsofaffinmu ke ƙulle goro a ciki, amma babba, an ɗaure shi tam. Yatsunta sun sandare sun kasa kwancewa. Nawa ma suka kasa. Ni da nake taƙama ba ƙullin da ya gagare ni, sai da na durƙusa na sa haƙori.

Famfo ne a ciki. Tsoho, rubutun jikinsa duk ya goge. Na girgiza shi na sa mata a baki. Ya fesa sau ɗaya. Muka jira. Ya fesa na biyu. Na uku iska ce kawai ta fito.

Biyun nan Allah ya sa musu albarka. A hankali fiton ya rage, kafaɗun suka sauka. Wani mutum da matarsa da suka ji ihuna suka iso, suka ciro wani bargo siriri mai ƙyalli kamar takardar alawa suka naɗe ta. Matar ta tsinto termos ɗina ta ba ta shayi mai zafi kaɗan kaɗan. A cikin duk abin da na ɗauko, shi kaɗai ya yi amfani. Muka sauko da ita, mutumin a dama, Injiniya a hagu, ni a baya da jaka. Saukar nan ta fi mini dukan tafiye-tafiyen rayuwata tsawo. Kowane tari ta yi sai in tuna famfon ya ƙare, babu fesawa ta uku.

A wajen mota salula ta kama. Injiniya ta kira likitan ƙauyen, muka kai masa Hajiya, ya duba ta, ya sa mata abin shaƙa na inji, ya ce mu sauka ƙasa a ranar, kada mu sake kwana a sama. Ba mu ko koma masauki ba. Mun yi nisa a hanya kafin Injiniya ta yi magana, idonta a kan titi.

"Baba, me ka sa a wurinsa?"

"Babbar riga."



Washegari da hantsi, a gidan Injiniya, ta fita sayen magani ta bar mu. Hajiya tana zaune bakin taga da kofin shayi, muryarta a dushe. Na jawo kujera.

"Hajiya, tun yaushe kike wannan ƙullin?"

"Tun Yamai."

Ta kurɓi shayi, ta ci gaba.

"Tun ranar gwadon Inna. Duk abin da ba zan iya rasawa ba, ba ya shiga akwatin da za ka ɗaure. Hoton Inna, zoben aurena, takardun haihuwar yara lokacin da muke zuwa gida. Duk a jikina suke tafiya. Wannan famfon na ajiye shi ne da ya kusa ƙarewa, na ce wata rana."

"To da kika ga na cire manton, me ya hana ki gaya wa yarinyar?"

"In kunyata ka a gaban 'yarka?"

Shekara talatin da wani abu ina alfahari ni ne mai tsare kayan gidana, ashe matata daga gare ni take tsare nata. Kuma ko a ranar da na kusa kashe ta, mutuncina take karewa. Na sauko daga kujera na ce ta yafe mini.

Ta juya cokali a kofi. Ta ce, "Na manto na yafe tun a bisa dutse, da na ga ka sa haƙori. Na gwado kuwa ka bar ni tukuna, Alhaji. Yau ne ka fara tambaya."

Ranar komawa Paris ita ta shirya akwatinta da kanta. Ta sa takalmi a kan tufafi, ta bar wuri fanko a kusurwa, abin da ko a mafarki ba zan yi ba. Na zauna bakin gado, inda ta saba zama, na haɗa hannuwana tsakanin gwiwoyi. Injiniya ta kai mu tasha. Da za mu rabu ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, amma famfo sabo a hannun uwarta ta danƙa shi, ba a nawa ba. Ban ga laifinta ba.

Bayan mako biyu Madam Odil ta aiko da manton ta gidan waya, famfon yana aljihunsa. Yana rataye bayan ƙofarmu yanzu, ina ganinsa duk fitar da zan yi. Hoton babbar riga kuwa ba a ɗauka ba, shi ya sa, Alhaji Sule, ba ni da abin nuna muku.

Roƙona gare ku, musamman ku da kuke kirana in ɗaure muku kaya: kada ku yi abin da na yi. In mace ko ɗa ya fara magana kana shirya kaya, ajiye igiya ka ji ƙarshenta. Kada ka cire abin wani daga jaka sai ka tambaye shi mene ne, kuma me ke cikin aljihunsa. In kuwa ka lura da ƙulli a haɓar zanen matarka, kada ka jira sai kun hau dutse. Ka tambaye ta a gida, tana da numfashin ba ka amsa.